Kukun Mutum Ɗari Huɗu da Tukunyar Mutum Biyu

Shekara talatin da ɗaya Kuku ya yi yana ciyar da ma'aikatan masaƙa, mutum ɗari huɗu kowace rana, ban da masu zagayowa layi sau biyu suna juya hula don kada a gane su. Sunan yanka yana da shi mana, amma tun da ya ɗaura farin ƙyallen nan a ƙugu sunan ya ɓace, har matarsa in tsokana ta motsa mata Kuku take ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, damatsa kamar na maƙeri, gashin hannunsa kuwa wuta ta daɗe da aske masa shi kyauta. Tukwanen da ya yi aiki da su, ƙato zai shiga ɗaya ya yi wanka har ya miƙe ƙafa. Muciyarsa ta fi shi tsawo. Gishiri da kwano yake zubawa, albasa da buhu, mai da bokiti, kuma bai taɓa awo ba. Hannunsa ne ya san komai, kansa rakiya kawai yake yi.

Da ranar ritaya ta zo aka yi jawabi, aka tafa, aka ba shi agogon bango, wai don ya riƙa kallon lokacin da ba shi da abin yi da shi. Ya rungumo agogonsa ya hau bene hawa na uku, inda suke zaune shi da matarsa su biyu rak, yara duk sun watse. Ɗaki biyu ne da falo, sai kicin wanda mutum biyu ba sa gilmawa a cikinsa sai in suna shiri da juna.

Matar tasa nas ce a wani ƙaramin asibiti, saura mata shekara biyu ita ma a ba ta nata agogon. Tana fita da safe, ba ta dawowa sai rana ta faɗi. Makon farko Kuku ya gyara duk wani famfo da ke gidan, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Mako na biyu ya haddace sunayen masu karanta labarai. A na uku ne ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, “Uwargida, daga yau girkin yamma nawa ne.”

Nas ta ɗaga hannu sama ta yi godiya ga Allah. Shekara talatin tana dawowa daga tsayuwa ta shiga wata tsayuwar. Ba ta san abin da ta sa wa hannu ba, baiwar Allah.

Ranar farko ya dafa shinkafa da miyar kaza, ta mutum biyu a cewarsa. Tukunya uku ta cika. Daɗi kam ba a magana, amma suka ci ta Litinin, suka ci ta Talata, ranar Juma'a shinkafar nan ta fara gane su suna gane ta. Ya yi dankali, aka cika robobi. Ya yi wake, aka sayo wasu robobin. Maƙwabta da farko addu'a suke ta zuba masa. Bayan wata guda, in ya ƙwanƙwasa ƙofa da kwano a hannu, da kunnensa yake jin an kashe talabijin an yi tsit. Maigadin ginin, wanda bai taɓa taka asibiti ba tun da aka haife shi, ya dafa ƙirji ya ce, “Baba, wallahi likita ya hana ni.”

Shi kuwa Kuku murna yake. Yana da dalilin tashi da safe, yana da wuƙar da zai wasa, ya daina zama a falo kamar kujerar da aka rasa inda za a ajiye.

Ranar wata Laraba da safe Nas ta buɗe firji za ta ɗauki madara, sai robar miya mai ƙanƙara ta sulɓo daga sama ta sauka a kan babban yatsanta na ƙafa, yatsan da za ta wuni tsaye a kai. Ba ta yi ihu ba, kuma duk wanda ya yi aure ya san wannan shirun ya fi ihu hatsari. Ta ɗingisa ta kwashe manyan tukwane ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a ƙasan durowar kayanta, ta murɗa makulli ta jefa a jaka. Ta dawo ta ɗora wata 'yar tukunya a kan murhun gas, irin wadda ake dafa ƙwai.

“Malam, ga tukunyarka.”

Ya leƙa ciki. “Wannan ai kofi ne mai kunne biyu.”

“Kofin ne zai ciyar da mu yau. Tukunya ɗaya, mutum biyu, kuma kada na ga an nemi roba. In na dawo na tarar da abincin gayya, na karɓe kicin ɗina, ka koma wajen masu karanta labaranka. Na gaji da cin abincin da ya girmi jikokina.”

“Haba, Uwargida, ni fa kuku ne.”

“To yau ka zama miji,” ta ce, ta ja ƙofa.

Ba faɗan ne ya dame shi ba, sun yi wanda ya fi wannan a kan labule. Falon ne ya hango, da kujerar, da wunin da ba shi da kai ba shi da gindi. In aka raba shi da murhu, shi dai bai san kuma wane ne zai riƙa tashi daga gadonsa da safe ba.

Abin kunyar shi ne bai iya ba. Ya zauna ya raba ɗari huɗu gida ɗari biyu a kansa, lissafi ya fita daidai, amma da ya dubi hannunsa ya san ba zai saurare shi ba. Sai ya haɗiye girman kai ya kira Auta, ƙaramar 'yarsu, wadda ke aiki a wani gari, ita da mijinta kullum a guje.

Sai da ta yi dariya har ta ƙware tukuna. “Baba, ɗauko biro ka rubuta.”

“Ni zan rubuta girki? Tun ba a haifi uwarki ba…”

“Umma ta girmi aikinka, Baba, kada ka ja wa kanka wani laifin. Makaroni da sosej za ka yi, shi muke ci ranar aiki. Sosej na naman sa guda uku, ka yanka ƙwaya-ƙwaya ka soya da mai cokali ɗaya. Rabin albasa.”

“Rabin me?”

“Rabin albasa ɗaya.”

“Ikon Allah. Ana raba albasa ashe?”

“Tafarnuwa ƙwara biyu, ƙaramin gwangwanin tumatir, ɗan barkono. Sai ka zuba makaroni kofin shayi biyu, ɗanye, ruwa kofi biyu da rabi, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ka rufe, minti goma sha biyu, ka juya sau biyu. In ya kusa ka watsa alayyahu.”

“Dakata. Ɗanye? Ba a tafasa shi daban a tsane ba?”

“Ruwan nasa ne zai yi kauri ya zama miyar.”

“Wannan girkin malalata ne.”

“Girkin masu tukunya ɗaya ne, Baba, kuma na ji kana cikinsu yanzu.”

Ya rubuta dai, a bayan takardar maganin Nas.

A shagon ƙasan layi hannunsa ya kai ga katan ɗin makaroni kafin ya farga. Ya mayar, ya zaro leda ɗaya yana kallon gefe kamar mai sayen abin kunya. Mai shago ya dubi ledar, ya dubi sosej uku, ya rage murya ya ce, “Baba, lafiya dai ko? Allah ya sa ba wani abu ya faru a gidan ba.”

“Gwaji nake,” Kuku ya ce a taƙaice.

Ƙarfe biyar da rabi ya ɗaura ƙyallensa. Yankan bai ɗauke shi minti biyu ba, har wuƙar ta ji kamar an raina ta. Ya kunna wuta ya ƙure ta, yadda ya saba, ya zuba mai da sosej, ya juya baya zai wanke katakon yanka. A masaƙa tukunya sai ta yi rabin awa kafin ta san an kunna mata wuta, mutum ya je ya yi faɗa da mai kawo nama ya dawo. Wannan 'yar ficiciyar kuwa ba ta da haƙuri ko kaɗan. Kafin ya rufe famfo ƙauri ya fara tashi. Ya yi tsalle irin wanda gwiwarsa ta manta da shi, ya fizge ta daga wuta. Sosej ya yi duhu a gefe ɗaya, saura ƙiris. Ya tsince ƙwaya biyun da suka ƙone ya cinye su a tsaye don kada a samu shaida, ya rage wutar har ta zama kamar ta kyandir.

“To, sannu sarauniya,” ya ce wa tukunyar. “Ashe ke ba a juya miki baya.”

Albasa ta shiga ta yi laushi, tafarnuwa ta bi, tumatir ya yi ta ɓararraka yana fesa masa ja a ƙyalle. Ya auna makaroni kofi biyu ya zuba, ya bi da ruwa. Ya leƙa. Abin da ya gani ko mai wanke-wanken masaƙa aka ba shi zai kai ƙara. Bai san lokacin da hannunsa ya shiga leda ya damƙo ya watsa ba. Sai da ya ji ƙarar zubarsu ya dawo hayyacinsa.

A nan ne babban kukun mutum ɗari huɗu ya sa tabarau, ya ɗauki cokali, ya duƙa yana tsamo makaroni ɗaya-ɗaya daga saman ruwa yana salati. Da aka zo gishiri bai yarda da kansa ba sam. Ya cusa hannun dama a aljihu, ya auna da hagu.

Ya rufe. Minti goma sha biyu ba buhun da za a ɗaga, ba wanda za a daka wa tsawa. Ya tsaya ya harɗe hannu yana sauraron tafasar, wata 'yar ƙara mai laushi da bai taɓa ji ba a hayaniyar masaƙa. Ya juya sau ɗaya, ya juya na biyu. Ruwan da ya raina ya fara kauri yana manne wa makaroni, man sosej ya bi ko'ina ya yi sheƙi. Ya watsa alayyahu, ya kashe wuta, ya ɗanɗana a bayan hannu. Daɗin ya ba shi mamaki. Ya sake ɗanɗanawa. A ransa ya yanke cewa Auta ba za ta taɓa jin wannan labarin daga bakinsa ba.

Nas ta shigo bayan magariba tana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannu. Ta wuce kicin ta duba bayan ƙofa, ta buɗe tanda, ta leƙa har cikin bokitin wanki, don ta san halin mutuminta. Babu komai sai 'yar tukunya ɗaya da faranti biyu.

Suka zauna. Shi bai iya cin nasa da kyau ba, bakinta yake kallo. Ta ci, ta ci, ta lumshe ido, ta sauke ƙafar mai ciwo a kan kujera. Da ta share farantin tas, sai ta tura masa shi ba tare da ta ɗago ba.

“Ƙaro min kaɗan.”

Ya tashi da sauri ya buɗe murfi. Wayam. Sai ɗan jan miya a gindi.

A duk shekarunsa na aiki ba a taɓa miƙo masa faranti ya mayar da shi haka ba. Ko mutum na ƙarshe a layi, ko direban da ya makara, sai ya samu. Abin da ya sa yake ƙara damƙi ɗaya kullum ke nan, don wani mai yunwa da bai iso ba tukuna. Yau ga shi mai yunwar matarsa ce.

“Ya ƙare,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “Ki yi haƙuri. Minti goma sha biyar, yanzu zan ɗora wani.”

Ya kai hannu ga ashana. Ta riƙo gefen ƙyallensa ta ja.

“Maimaita abin da ka ce.”

“Na ce zan ɗora…”

“A'a, na farkon.”

“Ya ƙare.”

“Alhamdu lillahi!” Ta kwashe da dariya har da dukan tebur. “Wata uku ina jiran na ji kalmar nan a gidan nan. Zauna, Kuku. Na ƙoshi, kwaɗayi ne kawai, kuma rabon da na yi kwaɗayin abincinka har na manta. Kicin naka ne.”

“Da gaske?”

“Ni na taɓa yi maka wasa da abinci? Miƙo tukunyar da burodi.”

Ya kawo ta tebur, ya gutsura burodi biyu. Tsoho da tsohuwa suka haɗa kai a bakin tukunyar da ba ta ɗaukar hannu biyu, suna ture juna suna suɗe gindinta.

“Matsa, ke da kika ce kin ƙoshi.”

“Ni na wuni a tsaye. Gobe me za ka dafa mana?”

Ya gyara zama, ya share baki, ya fara lanƙwasa yatsu. “Alhamis kifi da dankali. Juma'a kuma sai a yi…”

“Malam,” ta ce, ta zare burodin da ke hannunsa ta kai baki, “gobe kawai na tambaya.”