Gwiwar Ƙanina

Shekarar da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta ɗauki ƙanina, ina koyarwa a wata firamare a Safana. Gidanmu yana Karare, don haka duk Juma'a in an tashi makaranta sai in hau babur in bi ta Batsari in je gida, in koma ranar Lahadi da yamma. Shekara tara na ba ƙanin nan nawa. Ni na fara saya masa takalmin ƙwallo, ni kuma nake tare masa faɗan Baba duk ranar da ya jingine fartanya a gona ya sulale fili. Da labari ya zo an ɗauke shi, a raina na ɗauka rabin abin nawa ne.

Ƙungiyar ba a babbar gasa take ba. Tana gasa ta biyu, a wani birni da ke kudu da mu, tafiyar kusan wuni guda a mota. Ƙungiyoyi biyun da suka ƙare a saman rukuninsu su ne ke zuwa wasannin ƙarshe, inda ake fitar da masu hawa babbar gasa. Kafin a fara kakar wasa kowa yana cewa ƙungiyarsu na cikin waɗanda za su je. Ƙanina ma haka ya faɗa mini a waya, yana dariya, ya ce in fara neman hutu tun yanzu.

Ba a nuna wasanninsu a talabijin. Abin da muke yi shi ne mu taru a tukubar wani abokina mai tsire, kusa da tashar Batsari. Ajinmu ɗaya da shi tun firamare, kuma ban san mutumin da ya kai shi son ƙwallo ba. Akwai wani magoyin baya a can filin wasan da yake rubuta abin da ke faruwa a intanet, abokina ya riƙe waya da hannu ɗaya yana karanto mana, ɗaya hannun yana juya nama. Layin waya ya zo ya ɗauke. Sai a ce an ba mu bugun kusurwa, daga nan shiru, mu yi ta ɗaga waya sama, kafin layi ya dawo an riga an zura mana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba na iya zama har a tashi. Bayan la'asar ake take wasa, hanyar Safana kuma a shekarun nan ba a bin ta in rana ta faɗi. Dole in tashi jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci, in hau babur da rabin labari a cikina, sai na isa in ji sauran.

Sauran labarin kuwa ba ya daɗi. Wasan farko, a gida, aka tashi canjaras ba ci. Na biyu aka doke su a waje, mai tsaron ragarsu ya karya yatsa. Kafin na uku kyaftin ɗinsu ya samu ciwon cinya a wurin atisaye. Abokina mai tsire ya ce ko dai wani ya yi musu baki, ko kuma filin atisayen nasu a kan tsohuwar maƙabarta yake. A wasa na uku ƙanina ya ci ƙwallonsa ta farko. Ina nan lokacin da aka karanto, har abokina ya raba tsire kyauta ga duk wanda ke zaune. Na hau babur ina murmushi ni kaɗai. Da na isa Safana na duba waya, na tarar an farke ƙwallon, kuma an fitar da ƙanina daga fili saboda wani ɗan baya ya faɗo masa a gwiwa.

Bayan kwana biyar ya dawo gida da sanda, gwiwar dama a naɗe. Likitan ƙungiya ya ce jijiya ce ta motsa, ba ta tsinke ba, ya huta mako shida, kuma ya ba shi wasu motsa jiki da zai riƙa yi a zaune. Lokacin kaka ne, ana cirar gyaɗa, an fara yankan gero. Kowa a gidan ya fita tun da sassafe, shi kuma yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida ya miƙe ƙafa a kan turmi. Inna ta riƙa kawo masa man shanu tana cewa ya shafa. Wani kawunmu ya zo takanas ya ce a kai shi wurin wani mai ɗori a Babban Duhu, ƙanina ya ce ba karaya ba ce. Baba dama bai taɓa son harkar ƙwallon ba, amma bai yi gori ba, sai dai in ya dawo daga gona ya tsaya ya tambaye shi ya jiki, ya wuce.

A can kuma ƙungiya ta ci gaba da zubar da maki. Canjaras, rashin nasara, canjaras. Ba su da mai zura ƙwallo, sai su yi ta kai hari har a tashi ba abin da ya shiga. Suka gangaro kusa da ƙasan teburi. Ni kuma a Batsari na zama abin tambaya. Ko gaisuwa ba a gamawa, an tambayi gida, an tambayi aiki, sai a ce ya mai jiki, yaushe zai koma. Masinjan ofishin ilimi ya tambaye ni, mai facin da nake zuwa wurinsa ya tambaye ni. Abokina mai tsire ya samu bayan kwali yana lissafa maki da gawayi, kullum yana nuna mini cewa in aka ci wasa huɗu a jere har yanzu ana iya kamo na biyu. Sai ya ɗago ya kalle ni kamar ni nake riƙe da ƙafar a aljihu.

Shi ne kuma ya fara gaya mini cewa ƙungiyar ta kawo wani sabon ɗan wasan gaba tana gwada shi. Na yi ta juya maganar nan har na ƙarasa Karare. Na san yadda ƙanina ya sha wahala kafin ya samu wurin nan, gwaji nawa ya je aka sallamo shi. Da na iso gida da la'asar na hango shi a bakin gona yana sassarfa a hankali, babu sanda. Mako huɗu ke nan da jin ciwon. Na tsayar da babur na jira shi.

Na gaya masa labarin sabon ɗan wasan, ya ce ya sani, abokan wasansa sun faɗa masa. Na tambaye shi to me yake jira, ga shi yana gudu. Ya ce gudu a miƙe ba ya damun sa, amma in ya zo juyawa sai ya ji kamar gwiwar za ta zame, kuma likita ya ce mako shida. Na ce likita ba shi zai rasa rigar wasa ba. Na ce masa wurin da mutum ya bari ba ya zama yana jiran sa, kuma duk ɗan ƙwallon da ya yi suna da ciwo a jikinsa ya yi. Ni da ban taɓa buga wasan da ya wuce na makaranta ba, ni nake faɗin wannan. Na daɗe ina magana, na kawo masa zancen mutanen Batsari da ke sa ido, na kawo zancen takalmin farko da na saya masa.

Baba yana kusa yana ɗaure damin gero, ashe yana jin mu. Bai ko juyo ba ya ce, “Malam, ƙafar nan taka ce ko tasa?”

Malam yake ce mini tun da na fara koyarwa, amma ranar na ji kalmar ta yi mini nauyi. Na ce masa ai gyara nake yi. Ya ce to, ya ɗora daminsa a kai ya nufi gida.

Ranar Talata ƙanina ya kira ni daga mota, ya ce, “Yaya, na kama hanya.” Da ya isa likita ya duba shi, ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe, ya tambaye shi ko yana jin wani abu in ya juya. Ya ce babu. Aka sa shi atisaye mara nauyi na kwana uku, aka rubuta sunansa cikin masu zaman benci a wasan Lahadi.

Wannan wasan na ce sai na gani da idona. Na nemi izinin hedimasta, na hau motar Katsina ranar Asabar, daga can na canza wata. Ban taɓa shiga filin wasa mai girman wannan ba, ko da yake rabin kujerun babu kowa. Na ga abin da muke ji a waya. 'Yan wasan suna da ƙoƙari, amma da sun zo gaban raga sai su ruɗe, wannan ya ba wancan, wancan ya buga sama. Mai tsaron ragar da ya maye gurbin mai karyayyen yatsa kuwa, duk ƙwallon da ta nufo shi sai in ji tsoro. Sabon ɗan wasan da ake ta magana dogo ne, ya ɓarar da dama biyu, 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu. Ban ɓoye wa kaina ba, na ji daɗin hakan.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci da kamar minti goma aka sako ƙanina. Na miƙe tsaye. Taɓawarsa ta farko ya yanke mutum ɗaya ya buga, ƙwallo ta daki turke. Filin ya ɗauka da ihu. Na juya na gaya wa mutumin da ke kusa da ni, wanda ban sani ba, cewa ƙanina ne. Ƙanina ya yi kamar minti goma sha biyar yana wasa mai kyau. Sai aka turo masa wata ƙwallo ta bayansa, ya taka da ƙafar dama zai juya, ya faɗi. Babu wanda ya taɓa shi. Bai yi birgima ba, ya kwanta kawai ya riƙe gwiwar da hannu biyu, yana dukan ciyawa da ɗaya ƙafar. Aka ɗauke shi aka fita da shi. Wasan ya tashi babu ci, ban ma kalli ƙarshensa ba.

Washegari a asibiti aka yi hoto, aka ce wannan karon jijiyar ta tsinke, sai tiyata, kuma ya manta da ƙwallo a wannan kakar. Ina tsaye likitan ƙungiya ya tambaye shi, cikin ɓacin rai, ko da gaske ba ya jin komai ranar da ya dawo. Ƙanina ya ce yana ji, ƙarya ya yi. Likitan ya tambaye shi dalili. Ya ce tsoro ya ji kada a ba wani wurinsa. Bai kalli inda nake ba, bai ambace ni ba. Na so in buɗe baki in ce ni na tura shi, na kasa.

Abin haushin shi ne, bayan haka ƙungiyar ta farfaɗo. Kyaftin ya warke, mai tsaron raga ya dawo, dogon nan da ake yi wa ihu ya fara cin ƙwallaye. Suka ci wasa uku a jere. Abokina mai tsire ya sake fito da kwalinsa, ya ce yanzu saura maki kaɗan a kamo na biyu. Ya lura ba na amsawa, sai ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, da ƙanina ya ƙara mako biyu da yanzu da shi ake wannan. Bai san abin da ya faɗa ba. Na daina tsayawa a tukubar ranar Lahadi, sai in wuce Safana tun da azahar. Daga baya na ji sun ƙare a na uku, ba su je wasannin ƙarshen ba. Wani malami ne ya faɗa mini a ofis, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da duba littattafan yara.

Ƙanina ya dawo Karare bayan tiyata. Wata da watanni muna gaisawa, ina kawo masa magani daga Batsari, ina kai shi asibitin Katsina a duba shi, amma ba mu taɓa ɗauko maganar ba. Sai wata rana muna dawowa, mun tsaya shan mai, na ce masa ya yafe mini. Ya ce shi ma a lokacin yana so ya koma, ko ban zo ba wataƙila da ya tafi, amma da ya so a ce ranar na tambaye shi yadda ciwon yake kafin in fara lissafa masa mutanen Batsari. Ya ce ya yafe. Muka hau babur muka tafi.

Da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Ya je gwaji wurare biyu bayan ya warke, aka ce saurinsa ya ragu. Yanzu yana noma tare da Baba, da rani kuma yana horar da wata ƙungiyar matasa a Batsari. Tafiyarsa lafiya lau, sai in an yi sanyi yake ɗan ɗingishi. Ni an mayar da ni wata makaranta kusa da gida, kuma nakan je kallon wasansu in na samu sarari, in zauna can baya wajen masu sayar da rake.