Ranar da Baba Sikiru Ya Janye Maganarsa

Da hantsi, idan rana ta hau rufin shagunan da ke bayan tashar mota a Funtua, wani siririn haske yakan ratso ta wata huda a kwanon shagon Baba Sikiru ya sauka kan teburinsa. Shekara arba'in da ɗoriya bai yarda an toshe hudar nan ba. Da damina sai ya tara roba. Kafin hasken ya iso ya riga ya share shago, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya wanke hannu kamar mai shirin cin tuwo, ya zauna yana jira.

A garin nan aka haife shi, mahaifinsa tela ne da ya zo daga Offa. Sana'arsa gyaran kyamara, amma tun da waya ta mayar da kowa mai hoto, yawancin mutane sun ɗauka mai gyaran tocila ne. Ba abin mamaki ba ne. Mu mutane ne da ba mu san gwani ba sai ranar sadakar ukunsa. Waɗanda suka sani dai sun sani: tsofaffin masu hoto na Malumfashi da Musawa, da ɗaliban Zariya da suka dawo wa fim, ba mai sayen tsohon gilashin kyamara sai ya kawo wa Baba ya duba.

Da hanci yake farawa. Ya ce gilashin da ya daɗe cikin laima warin tsohon rumbu yake yi. Daga nan sai ya kai shi kunne ya murɗa zobensa a hankali, yana sauraro ko zai ji ƙarar tsakuwa. Ya buɗe 'yan fallayen ƙarfen da ke ciki, ya rufe, ya ga ko maiƙo ya kama su. Sai a ƙarshe yake ɗaga shi cikin hasken nan, yana neman abu biyu: fumfuna mai yaɗo kamar saƙar gizo-gizo, da wani farin hayaƙi da kan lulluɓe gilashi daga ciki. Ƙarzuwa a gaba ba ta damunsa. Malam Toma na Gozaki ya taɓa kawo nasa zai yar saboda wani zane, Baba ya ce masa, "Kai ma da zane a fuskarka, ya hana ka ganin hanya?" Har yau da shi yake ɗaukar bukukuwan cocinsu.

Idan gilashi ya gamsar da shi, yakan juya shi wajen ƙofa ya matso da shi kusa da farin ƙyallen. Sai ka ga Funtua ta sauko 'yar mitsitsiya a kife: motar auduga na tafiya da tayoyi a sama, mai tallan gyaɗa na shawagi da kai ƙasa, gajimare kwance ƙarƙashin kowa kamar tafki. Baba kan daɗe yana kallon wannan gari, kamar mai neman gidansu a ciki. Akwai ɗakuna a ƙasar nan da ba abin da ya rage musu na wata fuska sai hoton da ya bi ta gilashin da ya zaɓa. Mai wannan rubutu ya san ɗaya daga cikinsu.

Saboda haka maganarsa ta zama hukunci. In Baba ya ce gilashi ya mutu, to ya mutu.

A daminar bana Malama Raudatu, wata malamar makaranta daga Maska, ta zo da kyamarar marigayi mahaifinta a naɗe cikin ɗankwali, gilashinta ya tsage. Irin tsohuwar kyamarar nan ce mai 'yar taga a sama, wadda in ka leƙa sai ka ga abu ya rabu biyu, ka yi ta murɗa zobe har ya haɗu. Ba ta cikin gilashin kake kallo ba, don haka in yana da aibi ba za ka sani ba sai an wanke hoto, bayan biki ya watse. Chidiebere, mai kayan gwanjo, wanda shi ma haifaffen gari ne, ya kawo gilasai uku da suka dace da ita. Ɗanasabe dillalin masara na zaune kan benci tare da wasu, kamar kullum, ba aikin fari ba na baƙi.

"Baba, wannan ko kai sai ka yi masa kirari," in ji Chidiebere, yana miƙa na farko.

Baba ya sansana, ya saurara, ya gyaɗa kai. Da ya ɗaga shi cikin haske sai fuskarsa ta canza. "Hayaƙi ya cinye shi. Ya mutu."

"Chidi, kai wa madam ɗinka ta rufe kwalbar manja," in ji Ɗanasabe. Aka kwashe da dariya.

Na biyu, hayaƙi. Na uku ma haka. Chidiebere bai yi musu ba. Ya naɗe kayansa ya ce, "Tunda Baba ya faɗa," ya fita. Kowa ya san kafin azahar labari ya zaga kasuwa cewa matattun kaya yake sayarwa. Raudatu ta soma naɗe kyamararta.

Baba ya shiga lissafi. Gilasai uku, ƙira daban-daban, wani ya girmi wani da shekara ashirin, amma hayaƙi iri ɗaya, a kusurwa ɗaya. Ya ɗaga kai ya dubi hudar kwano, ba komai a hannunsa, ya rufe idon hagu. Hayaƙin na nan, fari, yana lilo a hankali kamar audugar da iska ta ɗauka. Ashe wata da watanni ke nan yana ɗora wa damina laifin dusashewar safiya.

Ba wanda ya gani. Da ya so, gobe sai ya karɓi gilasan ya ce ya wanke su, a ƙara masa da yabo. Garin nan cike yake da manya da suka gwammace rufi ya faɗo wa jama'a da su ce sun yi kuskuren awo.

"Malama, kada ki tafi," in ji shi. "Ɗanasabe, tashi ka yi amfani yau, kira min Chidi."

Da Chidiebere ya dawo, Baba ya miƙe tsaye. "Ɗana, na yi wa kayanka ƙazafi. Hayaƙin a idona yake. Yanar ido ce ta fito min."

"Haba Baba! Ai da ka ja ni gefe."

"A gaban mutane na kashe su, a gaban mutane zan tashe su."

Can Ɗanasabe ya yi gyaran murya. "To Baba, ashe munin da kake cewa ina da shi ma..."

"Wannan tun idona garau na gan shi."

Sai ya yi abin da ba a taɓa ganin ya yi ba: ya zaunar da Raudatu a kujerarsa, ya miƙa mata gilashi na farko. "Ɗaga shi cikin haske, 'yata. Karkata kaɗan. Me kika gani?"

"Ƙura ce, Baba, ƙwaya biyu."

"Ƙura ba ta hana hoto. Ɗauki na biyu."

"Wannan akwai wani zare-zare a gefe, kamar saiwar gero."

"Fumfuna ke nan, ni ban ma gan ta ba. Chidi, wannan kam da gaske yana ciwo."

Ta zaɓi na farko. Ya sa ta ɗaura shi a kyamarar, ya kafa mataji a ƙarshen igiyar awonsa, ya buɗe bayan kyamarar ya manna 'yar takarda mai shara-shara inda fim ke kwanciya. Ta murɗa har mataji biyu suka zama ɗaya a taga, ta duba takardar ta ƙirga haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Gilashi da kyamara sun yi baki ɗaya. Shi kuwa Chidiebere, daga ranar ba wanda ya ƙara ɓata sunan kayansa.

Ƙarshen watan nan Baba Sikiru zai rufe shago. Likita ya ce za a iya cire yanar, kuma za a cire in Allah ya so, amma ya ce ko an cire ya gama yanke hukunci, sai dai ya koya wa mai so.

Baba, kai ne ma'aunin da ya tona kansa. Shekara arba'in kana neman aibi a kayan mutane, ranar da ka same shi a jikinka ba ka sassauta murya ba. Mun gode da fuskokin da ka tsare mana, mun gode da wannan safiya fiye da su. Allah ya buɗe idon, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sauranmu kuwa, malamai da alƙalai da iyaye da mazauna benci, kowa ya san wanda ya taɓa kashewa da baki a gaban jama'a, ya gano daga baya shi ne bai gani da kyau ba. Kada a aika saƙo a ɓoye. A koma inda aka faɗa, a tara waɗanda suka yi dariya, a aika a kira shi tun yana kusa.