Wa Zai Zama Misali a Layinmu?

A watan nan da muke ciki Malam, mijina, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Shekarun baya a ɗakina nake yi masa addu'a, in dafa abin sadaka in raba wa maƙwabta, shi ke nan. Bana na kasa tsayawa a nan. Rijiyar gidanmu ta sake lalacewa, jikata tana kuka da ƙafafunta, kuma mutumin da ya san yadda ake sa manya su saurara yana ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa na ce bari in rubuto, ko da yake aji huɗu na tsaya a boko. Hannuna bai ƙware ba, amma kunnena, alhamdu lillahi, abin da ya shiga ba ya fita.

A Panshekara muke zaune, a layin da ya gangara wajen lambatun da ke ɗauko ruwan kamfanoni. Shekara goma sha ɗaya Malam ya yi a wani kamfanin jimar fata a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu. Shi ma firamare kawai ya gama. Turancinsa wajen wani tsohon malamin makaranta ya ƙaro shi a Kumbotso, duk Asabar da Lahadi bayan la'asar, a kan keke. Ni na ɗauka zai dawo mana da manyan kalmomi irin na rediyo. Sai ya dawo da wasu 'yan ƙanana guda huɗu, ya rubuta su a bayan kwalin sabulu, ya kafe a bango. Kwalin yana nan, daga jikinsa nake kwafowa: for example, in particular, specifically, to be exact.

Na ce, "Malam, wata uku kana taka keke, abin da ka samo ke nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki sani ba. Kin ga mazurarin da kike ɗura man gyaɗa a kwalba? Sama faɗi, ƙasa tsukakke. Haka takarda take. Ka fara da babbar magana, sai ka sa ɗaya daga cikin waɗannan ka tsuke ta har ta shiga kwalba. In ba ka tsuke ba, a ƙasa man zai zube."

Ya fassara mini su. Na farko alal misali, na biyu musamman, sauran biyun kuma takamaimai, wato faɗi ainihin abin, bar kewaye. Na ce ai duk muna da su a Hausa. Ya ce muna da su, amma takardar ofis da Turanci ake karɓarta.

Daga ranar na shiga uku a gidan nan. In na ce yaran nan sun ishe ni, sai ya ajiye cokali ya ce, "For example?" Dole in faɗi wanda ya fasa tulu da wanda ya ƙi zuwa niƙa. A wajen aiki ma haka. Abokansa sun ba ni labarin ranar da wani manaja ya tara su yana cewa kamfani na duba jin daɗin ma'aikata. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Specifically, ranka ya daɗe? Safar hannu ko takalmin roba? Wace rana?" Aka kwashe da dariya, amma safar ta zo. Tun daga nan suka laƙa masa Na-Misali, har masu shayi da shi suke kiransa.

To, ana nan sai wata damina rijiyoyin layinmu suka fara sauyawa. In ka jawo guga, ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, da wani wari irin na rigar Malam in ya dawo aiki. Wake ba ya dahuwa da shi. Yara suka fara ƙaiƙayi. Kowa ya san daga ina, don lambatun ƙasa ce zalla, ba siminti. Malam ya zauna ya rubuta takarda zuwa ofishin da ke kula da muhalli. Ya rubuta babbar maganar, cewa jama'ar unguwa na cikin wahalar ruwa. Ya rubuta for example. Sai ya ajiye biro, ya sa hula, ya bi layin gida-gida yana neman wanda zai yarda a sa sunansa.

Babu wanda ya yarda. Ban ga laifinsu ba. Wannan ɗansa a kamfanin yake, wancan ƙaninsa, wancan kuma baƙo ne daga Nijar, ba ya son sunansa a kowace takardar gwamnati. Kowa ya ce, "Allah ya taimaka, Malam, muna bayanka." Ya dawo ya same ni ina daka. Ya karanta mini abin da ya cike gurbin misalin da shi, yana fassarawa: gidana, ni wane ɗan wane, ma'aikacin kamfanin, rijiyar tana tsakar gida, musamman 'yata ta uku, hannunta biyu duk ƙuraje, takamaimai kwana goma sha biyu ke nan.

Na ajiye taɓarya na ce, "Ka haukace ne? Su kake wa aiki!"

Ya ce, "In ban sa gida ba, ba wanda zai zo. Ba a aiko mota wajen jama'a. Wajen gida ake aikowa."

Motar ta zo kuwa. Suka ɗebi ruwanmu a kwalabe. Kafin damina ta gaba an shafe lambatun da siminti, an haƙa mana rijiyar burtsatse a bakin layi. Mata suka yi ta guɗa. Bayan wata uku kamfani ya rage ma'aikata, sunan Malam ne na farko a jikin allo. Ba wanda ya ce masa don takardar ne. Ba a buƙatar a ce.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban yafe masa da wuri ba. Ya samu gadi a wani sito a Bompai, yana taka keke tun daga nan har can, ga tari ya kama shi. Ni kuma kullum da bakina. In na ga matan layi suna tara ruwa a burtsatse suna hira, sai in dawo in ce masa, "Ga jama'arka can suna shan ruwa, mazansu suna aiki. Kai kuma ga ka, misali." Ba ya tanka mini. Sau ɗaya kawai ya ce, "Hannun yarinyar ya warke ko bai warke ba?" Ya warke. Amma ban ce ya yi haƙuri ba. Shekara biyu ya yi a haka, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Da Malam zai leƙo yau, ban san me zai gane ba. Kowa da wayar salula a hannu, har ni an saya mini. Amma a Sharaɗa da Bompai, in ka wuce, ƙofofin kamfanoni da yawa a garƙame suke, ciyawa ta fito a bakinsu, an ce ba wuta. Waɗanda suka yi aiki tare da shi, wasu acaɓa suke yi da furfurarsu. Kamfanin jimar da ya sallame shi na cikin 'yan kaɗan da har yanzu hayaƙi ke tashi. Kuma babban ɗana a nan yake aiki. Da ƙyar aka ɗauke shi, sai da wani tsohon abokin ubansa ya tsaya masa, ya ce yaron ba shi da surutu. Shi ke riƙe da mu: ni, da matarsa, da 'yarsu Ummi, da ƙannensa biyu.

Simintin lambatun ya farfashe tun bara. Injin burtsatse ya mutu, ba mai gyara. Muka koma rijiya, don ruwan 'yan garuwa ba ya isa sha da girki da wanka da wanki. Wata biyu ke nan guga ya fara fitowa da launin nan da na sani. Ummi shekararta huɗu. Ƙurajen sun fara daga yatsun ƙafa, yanzu sun kai gwiwa, suna fashewa suna ruwa. An kai ta asibiti sau biyu, an ba da man shafawa, an ce a raba ta da ruwan. Mun raba ta da wanka da shi. Amma ƙasar tsakar gidan a jiƙe take da shi, kwanukan da shi ake wankewa, kuma yarinya ba ta zama wuri ɗaya. In uwarta za ta cire mata wando, sai na riƙe ta, don yana manne wa ciwon.

Samarin layi sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Akwai Nasiru, ɗan maƙwabcinmu, mai difloma, shi ya buga takarda a kwamfuta, shafi biyu. Ya karanta mana a zauren gidana, Turanci kamar ruwa. Na kasa kunne ina jiran in ji ɗaya daga cikin huɗun nan. Har ya kai ƙarshe ban ji ba.

Na ce, "Nasiru, ina for example ɗin?"

Suka yi dariya. Ya ce, "Baba, ashe kuna jin Turanci?"

Na ce, "Ina jin wanda babu."

Ya ce, "Ku yi haƙuri, Baba, da gangan muka bar shi haka. Kun fi kowa sanin abin da ya sami Na-Misali."

Suka kai. Bayan sati biyu aka dawo musu da ita. Jami'in bai wulaƙanta su ba, in ji Nasiru. Cewa ya yi irin wannan takardar suna da ita cike da durowa, daga kowace unguwa, duk jama'a na wahala. Ya ce su kawo gida ɗaya, da sunan mai gidan, da wanda ya kamu, zai sa a cikin zagayen da za su yi kafin ruwan sama ya sauka. In damina ta kankama, sai wata shekarar.

Sai ga ni, ni da na yi wa mijina gori, na sa mayafi ina bin layi gida-gida. Ni da ba na fita sai biki ko gaisuwar mutuwa. Na je wajen Hajiya Tasalla, wadda jikokinta biyu ke da irin ciwon Ummi. Na ce ta taimaka a sa gidansu a takardar, su ba su da kowa a wannan kamfanin. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, surukina yana neman a ɗauke shi. Ku da kuka riga kuka saba..." Ba ta ƙarasa ba. Wai mun saba. Na dawo gida ina kuka a hanya kamar yarinya, don na gane abin da na fita nema: wanda zai ƙone a madadin ɗana.

Shekaranjiya na karɓi takardar daga hannun Nasiru, na sa ya ƙara for example a ƙasa ya bar fili. Jiya da hantsi na cike filin da kaina. Sunan mai gida ake so, mai gida kuwa yanzu ɗana ne. Ɗan fari ne, tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Jiya hannuna ya rubuta shi, a takardar da za ta iya raba shi da abincinsa.

Da ya dawo aiki da la'asar na miƙa masa, ban ɓoye ba. Ya karanta a tsaye, da takalmin robarsa. 

Ya ce, "Inna, kin san mutum nawa ke tsayawa a bakin ƙofar kamfani kullum da safe suna jiran a kori wani?"

Na ce na sani.

Ya ce, "Me za mu ci?"

Na ce ban sani ba.

Ummi tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafafu don kar su taɓa juna. Ya tsuguna ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka zai yaga takardar, kuma wallahi da ya yaga ba zan ce komai ba. Sai ya miƙo mini ita ya ce, "Ba ki gama ba. Ba ki sa shekarunta ba. Ki sa ta hagu ce ta fi, kuma ki sa ranar da ya fara." Ya tashi ya shiga ɗaki. Bai ci tuwo ba.

Malam bai bar mana gona ba, bai bar mana shago ba. Burtsatsen da aka haƙa saboda shi ya mutu, simintin ya fashe. Na zauna ina auna abin da ya rage nasa a duniya, sai na ga wannan ne kawai: ɗa wanda ba ya iya barin magana a faɗinta, ko da tsukewar a wuyansa za ta ƙare. Ban san ko gado ne mai kyau ba. Na dai san na yi wa uban gori a kansa, kuma ba zan yi wa ɗan ba. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe mini abin da bakina ya gaya masa. Ku da kuka karanta, ku sa Ummi a addu'a, ku sa ubanta.

Gobe Litinin. Shi zai shiga aiki ƙarfe bakwai, ni zan miƙa takardar ƙarfe tara. Awa biyun nan ne kaɗai na tabbata ɗana yana da aiki.