Minti Uku na Malihe Hanum

An haifi Malihe Dashti, wadda ake ce wa Malihe Hanum don girmamawa, a garin Abadan na ƙasar Iran, a unguwar ma'aikatan matatar mai. Tana da shekara goma sha tara jiragen Iraƙi suka yi musu alheri, suka mayar da gidansu fili. Daga nan ta koma Isfahan, ta shiga masaƙa. Ranar da ta tara mata suka tsayar da injina suna neman a daina korar masu ciki, hukuma ta yaba mata da masauki na shekara uku, abinci kyauta, duka kyauta. Da ta fito ta gudu ƙasar waje, birnin Toronto, ta buɗe shagon rage tsawon wando, ta tsufa a kan keken ɗinki.

A Toronto ta tarar da masu ceton Iran iri biyu, kuma Allah ya haɗa ta da kowanne.

Na farko shi ne Aga Bahman, ƙanen marigayi mijinta, dillalin gidaje, wanda rabonsa da ƙasar shekara arba'in. Kullum ya zo shan shayi sai ya ce, "Malihe Hanum, sati biyu kacal. A yi musu ruwan bama-bamai, shi ke nan mun huta."

"Yayata tana Ahwaz, Aga Bahman."

"Ai na zamani ne, miyagu kawai suke nema."

"Ashe! Wanda ya faɗo mana bai yi makaranta ba ke nan. Shanyar uwata ya nema."

Na biyun kuwa Farfesa Gordon ne, shugaban kwamitin hana yaƙi da take zuwa duk Asabar. Mutumin kirki, ya rubuta littafi biyu a kan talakan Iran, bai taɓa ganin ko guda ba sai ita. Da aka shirya gangami a tsakiyar gari, ya ba ta minti uku, ya kuma ja ta gefe.

"Kwamared, ki tsaya a kan yaƙi kawai. Zancen waɗanda ke tsare a Iran, ba yanzu ba. Sai ya ba masu son yaƙi hujja."

"To yaushe, Farfesa?"

"Idan lokaci ya yi."

"Bari in aika musu su daure, Farfesa yana duba agogo."

Ranar gangamin ana sanyi mai shiga ƙashi. Malihe ta hau mumbari da takarda a hannu, ta ce ba ta son bam ko guda ya sauka a ƙasarta. Aka yi tafi. Sai ta buɗe takardar ta fara jero sunaye: direbobin bas da aka ɗaure don sun kafa ƙungiya, malaman makaranta, 'yan matan da aka kama kan ɗankwali. Tana kan na bakwai lasifika ta mutu, mutuwar da Farfesa ya ce daga baya matsalar waya ce.

Sun manta matar ta yi shekaru tana hira a cikin ƙarar injin saƙa. Ta ajiye abin maganar ta ci gaba da baki, har na tsallaken titi suna ji. A tsallaken kuwa Aga Bahman ne da mutanensa da tutocinsu.

"'Yar koren gwamnati!" in ji su.

"'Yar koren Amurka!" in ji wani saurayi ɗan kwamiti a bayanta.

Ta juya ta dube shi. "Ɗana, ku je ku shirya tsakaninku. Ba zan iya aiki biyu da wannan gwiwar ba."

Ta ƙarasa sunayen ta sauka. Kwamiti ya zauna awa huɗu, ya kore ta bisa tsarin dimokuraɗiyya. Aga Bahman ya daina shan shayinta, amma bai daina aiko wandunansa ba.

Bayan kwana biyar wata mata mai rigar direbobin bas ta shigo shagon, ta ce sunanta Denise, tana wurin ranar.

"Takardar sunayen nan nake so. Direbobin nan 'yan uwanmu ne."

Ƙungiyarsu ta rubuta wasiƙar neman a sake su, mutum ɗari shida suka sa hannu. Ba a saki kowa ba. Amma matar ɗaya daga cikin ɗaurarrun ta aiko da saƙo cewa ta karanta masa wasiƙar ta bayan gilashin gidan yari, ya sa ta maimaita sau biyu, sannan ya tambaya ko direbobin Toronto ana ba su hutun cin abinci. Malihe ta rufe shago da rana tsaka, ta tafi tashar bas ta tambayo masa.