Barira da Manomin Majigi

A shekarun da motocin gyaɗa ke jeruwa a bakin iyakar Jibiya, akwai wata mai ƙosai da ake kira Barira. Ƙosanta ba laifi, amma bakinta ya fi shi kasuwa. Duk lokacin da motar majigi ta zo daga Katsina aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, washegari sai ka ga mutane cunkus a gaban kaskonta, suna jiran hukuncinta.

Ba ta yabo don kunya. Takan faɗi inda aka yi dariya, da inda tsofaffi suka fara hamma, da wanda tafiyarsa ta nuna bai taɓa riƙe fartanya ba. Ƙarshen labari ne kaɗai ba ta faɗi, don mutanen Daddara, garin da motar ke zuwa na gaba, ba su gani ba tukuna.

Wata rana aka nuna wani manomi mai tsafta, ta yabe shi ƙwarai. Sai Arzika, wani mai jakuna daga Maraɗi, ya ajiye ƙosansa.

"Haba Barira! Mutumin da ya ci tuwo da hagu?"

"Da dama ya ci, Malam Arzika. Idona biyu."

"Wallahi da hagu! Hannu ma da hagu ya ba mai gari."

Gardama ta yi zafi har kasko guda ya ƙone. Barira kuwa ba ta iya kwana da shakka. Da la'asar ta ɗaura mayafi, ta bi 'yan kasuwa zuwa Daddara, inda majigin ya koma. Ta tarar gaba ya cika, dole ta zagaya bayan ƙyallen ta zauna. Can sai ga manomin nata, ya wanke hannu tsaf, ya luma hagu cikin tuwo. Ta yi salati, ta ruga gaba, ta ga dama ce. Ashe ta baya komai a juye yake fitowa. Ta yi ta dariya har mata suka ce ta yi musu shiru.

Da Arzika ya sake ratsowa, ta cika masa ƙwarya da ƙosai.

"Ta ina ka zamna ran nan?"

"Ta baya, kusa da jakunana."

"To, ba ka yi ƙarya ba. Amma manomin nan ɗan mutunci ne, ka nemi gafararsa."

Ta ci gaba da sharhinta har tsufa ya hana ta zama gaban wuta, 'yarta Salmatu ta gaji kaskon. Ita dai Salmatu ƙosai kawai take sayarwa.