Mukulli Na Bakwai A Jakar Yaya Mudi

A wannan makon yayana Mahmudu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Mudi muke ce masa a gida, haka ma mutanen unguwar Longsight da ke Manchester suka san shi. Duk shekara nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana na ce bari in rubuta, domin akwai abin da na daɗe ina haɗiyewa ya ƙi wucewa.

Mudi ya girme ni da shekara tara. Shi ya riga ni zuwa Ingila, shi ya tarbe ni a filin jirgi da wata rigar sanyi da ta sauko min har gwiwa. Ni na ƙarasa karatun likita, na yi aure, na zauna a Edgbaston da ke Birmingham. Shi kuwa ya tsaya a Manchester yana tuƙa ƙaramar bas ta wata cibiyar tsofaffi. Da safe ya bi gida-gida ya kwaso su, su yini can suna shan shayi suna buga kati, da yamma ya mayar da kowa ƙofar gidansa. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, cibiyar na cikin abubuwan da aka fara rufewa. Aka sayar da bas ɗin, tsofaffin suka koma zaman gida, Mudi ya wayi gari yana da shekara hamsin da ɗoriya babu aiki.

Wata tsohuwa daga cikin fasinjojinsa ce ta fara. Ƙafa ta gaza mata, ta roƙe shi ya riƙa fitar mata da karenta ya miƙe ƙafa. Daga ita sai wani ya ji, daga shi sai ma'aikatan da ba sa yini a gida. Kafin shekara ta zagayo, yayana, ɗan liman, jikan liman, ya zama mai yawo da karnukan mutane da ba wa magensu abinci in sun yi tafiya. Aljihunsa kullum cike da ƙananan ledoji na kwashe kashi.

Ba zan ɓoye ba, na ji kunya, kunya mai zafi. In an tambaye ni aikinsa sai in ce yana kula da tsofaffi, in yi sauri in sauya magana. Shi ko a jikinsa. Ya ce ya tambayi malamai sun yi masa bayani, hankalinsa ya kwanta. Yana da kayan aiki daban, kayan masallaci daban a cikin wata jaka, in lokacin salla ya yi ya wanke jikinsa ya sauya. Duk da haka akwai masu ɗan matsawa in ya shigo sahu. Ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Ni kuwa na kafa masa doka biyu: kada ya shigo gidana da rigar nan mai gashin kare, kuma kada ya yi min hirar karnuka, musamman gaban baƙi. Mudi mutum ne mai son labari, in ya fara sai ka riƙe ciki don dariya. Amma ya bi dokata, sai dai wani lokaci bakinsa ya suɓuce.

Ranar Lahadin da ta zama ta ƙarshe a tsakaninmu ya kira ni ina shirin fita aiki.

"Likita, ba zan samu zuwa Birmingham wannan satin ba," in ji shi. "Wani tsohon kare, Dattijo, na hannuna. Maigidansa tsoho ne, an kwantar da shi a asibiti, ba shi da kowa, kuma kin san landlord ɗina ba ya yarda da kare a flat. Safe da yamma nake zuwa. Gidan ma ba nisa, in kin bi ta bayan..."

"Yaya, don Allah! Ina da shift yanzu, kada ka fara min labarin karnukanka."

Ya yi dariya ya ce, "To, ranki ya daɗe, a gaida marasa lafiya." Na kashe wayar.

Ranar Talata da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a wurin jiran bas a Stockport Road. Zuciya ce. Kafin in iso Manchester an gama komai. Sai da aka yi binciken gawa kamar yadda dokar ƙasar nan ta tanada, ba mu samu binne shi ba sai Juma'a. Tun Laraba aka miƙo min kayansa a leda, na ajiye a ƙarƙashin gadonsa ban ko duba ba. Kaina ya ɗauki zafi da takardu da waya daga Kano da masu zuwa gaisuwa.

Ranar Asabar na buɗe ledar. Ga wayarsa babu caji, ga jakarsa, a ciki ga wani zobe mai mukullai bakwai. Kowane mukulli da 'yar takarda a liƙe da rubutun hannunsa: Hajiya, Ɗan Gayu, Sarkin Ci, Tagwaye, Mai Unguwa, Rigima, Dattijo. Babu lambar gida, babu sunan titi. Ina karanta na ƙarshen na tuna wayarmu ta ranar Lahadi. Kwana huɗu ke nan ba wanda ya buɗe wa wannan kare ƙofa.

Bitrus, wanda suke zama flat ɗaya, mutumin Kafanchan ne mai aiki a rumbunan ajiyar kaya na Cheetham Hill. Shi ya yi min bayani. Masu wannan sana'a ba sa rubuta adireshi a jikin mukulli, don in ya faɗi kada ɓarawo ya tsinta ya nufi gidan. Mudi sai ya ƙara nasa taka-tsantsan, ya raɗa wa kowace dabba suna da Hausa, ta yadda ko sunanta na gaskiya ba za a gani ba. Littafi ba ya ajiyewa, komai a kansa yake.

"Anti Likita, ni dai na san bayan asuba yana fita da ƙafa," in ji Bitrus. "Kamar forty minutes ya dawo. Amma wane street, gaskiya ban taɓa tambaya ba."

Na sa wayar a caji. A kulle take, ba mu san lambar buɗewa ba, amma in an kira ana iya ɗagawa. Tana kamawa kira ya fara shigowa. Wasu da faɗa suka fara, kwana huɗu bai zo ba bai yi magana ba, da na gaya musu abin da ya faru suka koma yi min ta'aziyya. Wata mata ta fashe da kuka har ni na koma ina ba ta haƙuri. Zuwa yammacin Lahadi mukullai shida sun san masu su. Duk wanda ya zo karɓa na tambaye shi ko ya san wani tsoho da ke kwance a asibiti mai tsohon kare. Ba wanda ya sani. Mai mukulli na bakwai bai kira ba.

Na buga wa asibitocin garin waya, ina sane da amsar da za a ba ni, domin ni ma ita zan bayar: babu suna, babu abin da za a iya dubawa. Na kira masu ceton dabbobi, wata baiwar Allah ta saurare ni har ƙarshe ta ce in na samu adireshi a ranar za su zo. Na nemi waɗanda suka yi aiki da shi a cibiyar tsofaffi ko wani zai tuna, na tarar kowa ya kama gabansa tun da aka rufe, ginin ma an toshe tagoginsa da katako. A da akwai mutum biyar ko shida da za su iya gaya min wane tsoho ne ke zaune shi kaɗai da karensa a unguwar nan. A lokacin Mudi kaɗai ya rage, shi kuma mun binne shi.

Ɗakin Mudi cike yake da masu ta'aziyya, wasu daga London, wasu daga Leeds. Na yafa mayafi zan fita, maigidana ya biyo ni bakin ƙofa ya yi ƙasa da murya.

"Maman Salma, mutane sun yi tafiyar awa uku sun zo gaishe ki. Me zan ce musu? Kin tafi neman kare?"

"Ka ce na je ofishin council kan takardunsa."

Ku duba fa. Yayana na kabari, rai na kulle a wani gida, ni kuma har a lokacin ƙarya nake yi don kada a san sana'arsa.

A filin shaƙatawar da yake kai karnukan na samu wata tsohuwar Baturiya mai suna Doreen. Ta san shi sarai. Ta ce akwai wani kare ja mai furfura a baki, mai tafiya a hankali, wanda Mudi ba ya haɗa shi da sauran, shi kaɗai yake kawo shi da sassafe yana yi masa hira da yarensa. Ta nuna min ƙofar filin da suke shigowa ta ciki. Iyakar saninta ke nan. Bayan wannan ƙofa kuwa layuka ne na gidaje a manne da juna, jan bulo, duk kama ɗaya, layi bayan layi har kasuwa.

Na bi su. Ba zan iya gwada mukulli a ƙofar mutane ba, sai a kira min 'yan sanda. Sai in ƙwanƙwasa, in an buɗe in yi tambaya. Inda ba a buɗe ba, in durƙusa in ɗaga murfin kafar jefa wasiƙa in sa kunne. Wani lokaci in kira: "Dattijo! Dattijo!" Sunan da babu wanda ya taɓa kiransa da shi sai mutum ɗaya. Ni da ban taɓa yarda kare ya shinshini bakin zanena ba, na yi kwana uku a durƙushe a ƙofofin mutane ina roƙon Allah in ji kukan kare. Na ji talabijin, na ji jarirai, sau biyu na ji kare na haushi, sai mai gidan ya leƙo ta taga yana harara ta. Na liƙa takardu a jikin turakun fitila da shagon mai nama da ƙofar masallaci, ruwan sama ya wanke su.

A kwana na tara da rasuwarsa na daina. Ba gajiya na yi ba. Likita ce ni, na san iya kwanakin da jiki zai ɗauka babu ruwa, kuma sanin nan bai bar min wurin ɓuya ba. Na hau jirgin ƙasa na koma Birmingham ina kuka tun daga tasha har gida, mutanen da ke kusa da ni suka zuba wa wayoyinsu ido.

Nakan gaya wa kaina wataƙila maƙwabci ya ji karen na haushi ya kira an fasa ƙofar. Wataƙila an sallami tsohon ranar Laraba. Wataƙila Mudi ya bar babban bokiti cike da ruwa, don shi mutum ne mai tunanin gobe. Shekara goma sha ɗaya ina juya waɗannan wataƙila, babu wadda ta taɓa zama tabbas.

Da Mudi zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Sana'ar tasa ta zama ta 'yan gayu. Yanzu ta waya ake neman mai yawo da kare, adireshi na ciki, hoto na ciki, mai kare na zaune a ofis yana kallon taswirar duk inda aka bi. Ina jin zai ce an mayar da amana abin leƙe, amma da haka ake yi a zamaninsa da na samu ƙofar cikin minti biyu. Ginin cibiyar an mayar da shi ɗakunan haya masu tsada. Tsofaffin da ke zaune su kaɗai kuwa suna nan, sun ma ƙaru a idona, ina ganinsu kullum ana turo su a gadon asibiti da 'yar jakarsu. 'Yata Salma ta girma, tana jami'a, ta ajiye mage a ɗakinta, tana gaya wa ƙawayenta da alfahari cewa kawunta na cikin masu wannan aiki tun kafin ya yi tashe. Da ya ji wannan da ya kalle ni ta gefen ido ya yi murmushi, kuma da na gwammace ya zage ni.

Mudi bai bar gida ba, bai bar mata ko ɗa ba. In aka ce in faɗi abin da ya rage daga gare shi, zan iya nuna abu ɗaya a aikina: duk tsohon da aka kwantar a hannuna, kafin in tambayi maganin da yake sha nakan tambaye shi ko akwai mai rai da ya bari a gida, kuma wa ke riƙe da mukulli, in sa a rubuta suna da lamba. Ƙananan likitoci suna ganin wata al'ada ce tawa ta tsufa. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wancan tsoho da ban san sunansa ba. Na daɗe ina jin haushinsa, ina cewa me ya hana shi kira. Sai daga baya na gane ba shi da dalilin kira. Yana kwance a gadonsa hankali kwance, in ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko akwai damuwa a gida, zai ce babu, akwai mai zuwa safe da yamma, ba ya fashi. Haka mutane suka yarda da yayana. Sau ɗaya tak ya nemi ya gaya wa wani hanyar gidan, ni ce ya zaɓa, na ce ina sauri.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe min.