Shekarar da Muka Ba da Hayar Ɗakin Wankan Gawa

A Agege aka haife ni, kuma tun ina yarinya na san gidan ƙungiya da ke bayan layin dogo. Babban zaure ne da ɗakuna biyu a baya. Mahauta da dillalan shanu suka kama shi haya a hannun wani Bayarabe tun zamanin iyayenmu. A zauren ake raɗin suna, a sasanta rigima. Ɗaki ɗaya na baƙi ne, irin samarin da tirela ke saukewa ba su san kowa ba. A ɗayan kuwa ake wanke gawar wanda ya mutu ba dangi. Da na girma, a zauren nake koya wa matan aure karatu bayan azahar.

Mai kula da gidan wani tsohon mahauci ne Basakkwace, wanda ciwon gwiwa ya raba da abatuwa. Baba muke ce masa. Duk Juma'a yakan zaga abatuwa da kasuwar Mile 12 ya karɓo gudummawa. Da ita ake biyan haya da wuta, a sayi likkafani a ajiye.

Abin ya fara taɓarɓarewa da aka takura wa masu okada, wato 'yan acaɓa, don a da ɗan abin da suke bayarwa ba ya yankewa. Sai mai ya yi tsada, ɗauko shanu daga Arewa ya gagari mutane. Mahaucin da ke yanka sa shi kaɗai ya koma haɗa gwiwa da wasu. Baba yakan wuni yana ɗingishi a kasuwa, ya dawo da "Allah ya hore" cike da kunne. Ana cikin haka mai gidan ya rasu, 'ya'yansa suka ƙara haya.

Ina bakin zaure ina jiran ɗalibaina ranar da shugaban ƙungiya, wani Alhaji dillalin fata, ya ce za a ba wani mai albasa hayar ɗakunan baya.

"Alhaji, na baƙi na yarda," in ji Baba. "Amma har na wankan?"

"Baba, masu rai ma ba su da makwanci a Legas. In ba mu ba da ba, gidan duka za a karɓe."

Baba da kansa ya fitar da makara ya jingine ta a lungu.

Da damina ta kankama, wata ranar muna cikin darasi, wasu 'yan dako suka kawo gawar abokin aikinsu a motar danfo. A Mile 12 ya yanke jiki ya faɗi da kwandon tumatir a ka. Abin da suka sani kawai, daga wani ƙauye yake a wajen Maraɗi. Ɗakin wanka a kulle, albasa har rufi, mai ita ya tafi kasuwar Oyingbo da makulli. Zaure kuma ba shi da mafitar ruwa.

Baba ya leƙo. "Malama, ki yi haƙuri ki sallame su. Sannan ki tambaya ko wata tana da farin yadi. Likkafaninmu ya ƙare tun bara."

Wata tsohuwa mai tuwo-tuwo cikin ɗalibaina ta miƙe ta tafi gida a cikin ruwan. Ta dawo da likkafanin da ta ajiye wa kanta.

"Inna, naki ne fa," na ce mata.

"'Yar nan, shi ya riga ni."

A lungu aka wanke shi, a gefen lambatu. Abokansa suka riƙe tamfol a kansa, ruwa na zuba ta ɓulolinsa. Baba ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa har ya gama, sai da aka kama shi ya iya tashi. Da suka dawo daga maƙabarta na kai masa ruwan zafi. Bai karɓa ba.

"Malama, na wanke mutane da yawa a gidan nan," ya ce. "Ban taɓa jin kunyar gawa ba sai yau."

Kuɗin mai albasa bai riƙe mu ba. Kafin Babbar Sallah magada suka sayar da gidan, aka rushe shi aka jera shaguna. Ɗan Baba ya zo ya tafi da shi Sakkwato, a can ya rasu.

Ni na mai da darasin ɗakina. Mata kaɗan yake ɗauka, sauran na ce su jira in samu wuri. Har yanzu ban samu ba, kuma sun daina tambaya.